Ku Daina Fakewa da Kasuwa Kuna Cin Gumin Yaranku

'Yan'uwana matasa, ranar Lahadi bayan sujada na ji wani daga cikinmu, mai shagon kayan waya, yana bugun ƙirji cewa abin da yake ba yaron shagonsa a wata bai kai rabin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa a 2024 ba, wai doka ba ta kama wanda bai tara ma'aikata 25 ba. Da aka yi masa magana sai ya ce yaron da kansa ya yarda, kuma kasuwa ce ke yanka farashi.

Wannan hujja ta tsufa, kuma Ikilisiya ta rushe ta tun 1891. A wasiƙarsa Rerum Novarum, Fafaroma Leo na 13 ya bayyana cewa yardar mai gida da ma'aikaci ba ta isa ta halatta lada ba, domin idan talauci ko tsoro ne ya sa mutum ya karɓi abin da ba zai riƙe shi ba, an zalunce shi ne kawai. Wace irin yarda ce ta yaron da ya kwana da yunwa? Dole ai uwar na ƙi ce. Yana buɗe shago tun da sassafe, yana share ƙura, yana tayar da janareta, ba ya rufewa sai dare ya yi, amma ƙarshen wata sai a ce masa ciniki ya yi ƙasa, alhali mai gida ya sake waya sabuwa fil. A Littafi Mai Tsarki, Maimaitawar Shari'a 24:15 ta ce a biya talaka ladansa kafin rana ta faɗi, Yakubu 5:4 kuwa ya ce ladan da aka danne yana kuka. Kuna karanta waɗannan ayoyi, kuna kuma riƙe kuɗin tela da na birkila har wata uku.

Su ma masu ihun gurguzu a Facebook, waɗanda ke ganin duk mai shago ɓarawo ne, kada su yi murna. Wasiƙar nan ta Fafaroma Leo ta kare haƙƙin mallaka, ta ce ƙwace shi zai fara cutar da ma'aikacin da ke tara ɗan abinsa don ya sayi fili, tunda guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. A 1931 Fafaroma Pius na 11, a tasa wasiƙar, ya ce mutum ba zai zama Katolika na gaskiya kuma ɗan gurguzu na haƙiƙa ba, amma a wasiƙar dai ya ƙi a bar gasar kasuwa ita kaɗai ta ja ragamar tattalin arziki. Wannan rabin na biyu ne ku masu shago kuke tsallakewa da gangan.

Ku ji tsoron Allah, ku gyara. A da ubangida yana jin kunya a ga yaronsa da yagaggiyar riga, yana ciyar da shi daga tukunyar gidansa, in ya yi shekaru ya sallame shi da jari, ya kuma tsaya masa ranar aure. Yanzu kuwa da zarar yaro ya buɗe baki ya nemi ƙari, sai a ƙaƙaba masa sata a kore shi, washegari a ɗauko wani daga ƙauye.