Bukit Timah da Dala: Abin da Taswira Ta Kare

A shekarun da na yi ina zaune a Singafo, babu wurin da ke tuna mini gida kamar dutsen Bukit Timah, wanda tsayinsa bai wuce mita 164 ba, amma duk tsibirin babu tudun da ya kai shi. Ranar da na fara hawansa, gumi ya jiƙa mini riga tun ban kai rabi ba, ga birai a gefen hanya suna ta leƙen jakata, sai Dala ya faɗo mini a rai.

A harshen Malay, bukit na nufin tudu, timah kuma kuza, alhali ba a taɓa haƙo kuza a wurin ba. Wasu masana na ganin asalin sunan daga wata bishiya ce da ake kira temak, kunnen Turawa ne ya karkatar da shi, sannan taswirar da Turawan Ingila Franklin da Jackson suka zana a 1828 ta tabbatar da shi a takarda. Shekara guda kafin nan ne wani jami'in Ingila, John Prince, ya ratsa kurmi ya kai ƙololuwar dutsen, a 1843 kuma aka shimfiɗa hanya har sama.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne iyakar da aka shata a 1883, lokacin da aka mayar da wurin gandun daji. An fasa duwatsu a gefensa, an gwabza yaƙi da Japanawa a gindinsa a 1942, babban titi ya raba shi da sauran dajin a 1986, duk da haka kurmin yana nan, domin akwai layi a takarda da hukuma ke karewa.

Dala ya fi shi tarihi nesa ba kusa ba. Sunan Barbushe da na Tsumburbura suna bakin kowane Bakano, kuma daga kan Dala ne matafiyi Bajamushe Heinrich Barth ya hangi birnin Kano a 1851. Sai dai zuwana na ƙarshe na tarar gidaje sun matse gindinsa, zaizayar ƙasa na cin gefensa, ga ledoji ko'ina. A ganina, kafin a sake yi mana jawabi kan yawon buɗe ido, a fara tura ma'aikatan safiyo su auna Dala da Goron Dutse, su kafa alamomin iyaka, a buga taswirar a manna ta a ƙofar mai unguwa.