Yadda Na Zama Alhajin Shayi

Ban taɓa zuwa Makka ba, ko filin jirgi ban taɓa raka maniyyaci ba, amma yau idan ka shigo layinmu ka ce Alhaji kake nema, shagon ɗinkina za a nuna maka. Mai shayin bakin gidan kallo ne ya naɗa min wannan rawani. Wanda ya jawo naɗin kuwa wani yaro ne ɗan Danmak mai suna Rasmus Hojlund, ɗan wasan gaban Manchester United a lokacin, wanda bai ma san ina duniya ba.

Ni ɗan Manchester United ne tun zamanin Ferguson. Tun da tsohon nan ya ajiye aiki a 2013 muke canza koci kamar riga. Ƙarshen Oktoban 2024 aka sallami Ten Hag, aka ce Ruben Amorim za a ɗauko daga Sporting ta Fotugal. Kafin ma ya tattaro komatsansa ya ba mu kafin alƙalami: ya ɗura wa Manchester City 4 da 1 a gasar Zakarun Turai, Gyokeres shi kaɗai ya ci uku. Wannan Gyokeres ɗin fa daga Coventry aka tsinto shi, ƙungiyar da ko a Firimiya ba ta, Amorim ya mai da shi dodo. Sai na buga lissafina na tela: wanda ya ɗinka babbar riga da ƙyallen gwanjo, me kake tsammani idan aka ba shi shaddar da aka saya sama da fam miliyan 60, wato Hojlund?

Farkon abin kuma kamar lissafin zai fita. Hojlund ya ci Bodo/Glimt biyu, ya ci Nottingham Forest ɗaya, ranar 12 ga Disamba ya taso daga benci ya ci Plzen biyu. Ƙwallo biyar cikin kwana 15. Daren nan na fito daga gidan kallo ina tafiya kamar ni na haife shi.

Mai shayinmu ɗan Arsenal ne, mutanen da a lokacin rabonsu da kofin Firimiya tun 2004 amma bakinsu bai mutu ba. Yana fifita shayi daga kofi zuwa kofi, ko kallona bai yi ba ya ce, "Oga, ƙananan yara yake ci. Bari ya haɗu da maza."

Nan shaiɗan ya hau harshena. Na buga teburi har gwangwanin madara ya yi tsalle, na ce daga yau duk wasan da Hojlund bai ci ba, shayin majalisa a kaina, har ranar da zai ci. Wani ustazu a cikinmu ya tambaya ko caca ce. Na ce ba caca ba ce, tunda ba abin da zan karɓa a wurin kowa. Ya ce to ai alkawari ne, alkawari kuwa kaya ne. Mai shayi bai ce uffan ba. Ya jawo wani littafi mai bangon da ya sha mai, ya buɗe sabon shafi, ya rubuta sunana a sama da biron da ya ɗaure da roba a ƙafar teburi.

Mu shida ne a majalisar ranar.

Wasan farko da City ne, muka ci 2 da 1, Bruno da Amad suka ci. Na biya shayin nan ina dariya, har na ce a ƙara madara. Daga nan ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Bournemouth ta ba mu uku a gidanmu, Wolves biyu, Newcastle biyu, mu ko ta barka da zuwa ba mu jefa ba. Ashe Amorim ya riga ya faɗa tun bayan da muka ci Everton 4 da nema cewa guguwa na tafe. Ni na ɗauka irin tawali'un manya ne.

Majalisa ta fara kumbura. Shida ta zama goma, goma ta haura ashirin. Mutanen da ba su san bambancin kwana da fenariti ba suka koyi jadawalin Manchester United fiye da ni. Baba mai gadin layi, wanda a da yake korar yara idan suna buga ƙwallo, ya zama yana zuwa da kofin silbarsa a aljihu. Ba ya iya faɗin sunan, sai dai ya tsaya a ƙofar gidan kallo ya ce, "Yaron ya ci?" A ce masa bai ci ba. Ya ce, "Allah sarki," ya wuce ya zauna a kan benci.

Ma'anar shayi ma ta faɗaɗa. Aka ce shayi ba ya tafiya ba biredi. Aka ce biredi gaya zalunci ne, sai da ƙwai. Ranar da wani ya ce a sa masa Indomie, nan ne na miƙe, aka yi sulhu a kan ƙwai ɗaya ɗaya. A ranar ne mai shayi ya fara ce min Alhaji.

Wani dare bayan Brighton ta ba mu 3 da 1, ranar da Amorim da bakinsa ya ce wataƙila mu ne ƙungiya mafi muni a tarihin United, na ce bari in fahimtar da jama'a cewa laifin ba na yaron ba ne. Na share teburi, na jera marafan kwalba: uku a baya, huɗu a tsakiya, biyu a bayan lamba tara. Lamba tara kuma, wato Hojlund, na ɗauki dunƙulen Maggi na ajiye can gaba shi kaɗai. Na ce ku duba, tsarin nan sai da 'yan gefe masu gudu da iya kurosin. Mu kuwa Dalot, mai ƙafar dama, shi aka kai hagu. Kafin ya juya ya gyara ƙwallo 'yan baya sun koma gida sun sha ruwa. Garnacho idan ya samu, ko babansa ne a gaban raga ba zai ba shi ba. Rashford an ajiye shi, har koci yana cewa gara ya sa mai horar da gololinsa ɗan shekara 63 a benci. To yaro ya wuni yana kokawa da ƙattai biyu, ya juya wa raga baya, da me zai ci?

Mai shayi ya saurara har na gama. Sai ya miƙa hannu ya ɗauke Maggin, ya ɓare, ya murmushe a cikin ƙwan Baba. Ya ce, "Tunda ba ya aiki a can, bari ya yi a nan."

A gida kuma kuɗin cefane ya fara ramewa. Wata safiya uwargida ta ajiye min koko, ta zauna, abin da ba ta saba ba. Ta ce, "Maigida, tsakaninka da Allah, wace ce Hoilan? Daren jiya sau uku kana kiranta cikin barci, har da cewa ki buga mana." Na yi mata bayani tiryan-tiryan, na nuna mata hotonsa a waya. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ni da kishiyar ce ma da sauƙi, aƙalla na san ƙofar gidansu."

Wasa 21 yaron nan ya yi bai ga raga ba. Amad ya ci Southampton uku, na biya. Bruno ya ci Real Sociedad uku, na biya. Antony da muka tura aro Betis muna murnar rabuwa da ƙaya ya koma can yana ci, ni ina nan ina ciyar da unguwa.

Ranar 16 ga Maris, tsakiyar azumi, muna da wasa da Leicester da dare. Na ce yau kam lahira zan nema, na tafi asham. Muna tsaye waya ta fara rawa a aljihuna ba ƙaƙƙautawa, liman kuma ranar ya ɗauko doguwar sura. Ana sallamewa na duba: Hojlund, minti na 28. Wata uku ina jiran ƙwallo ɗaya, aka ci ta ba na nan.

Da takalmin wani na isa wurin mai shayi, ban lura ba sai washegari. Na taho da baƙaƙen maganganun da na tara tun Disamba, sai na tarar da wurin tsit kamar zaman makoki. Baba na riƙe da kofinsa ba komai a ciki. Ya ɗago ya ce, "Yaron nan bai kyauta ba. Da azumi?"

Mai shayi ya haɗa min mai kauri, ya ce wannan kyauta ne. Ya bari na kurɓa sau biyu, sannan cikin ladabi ya ce, "Alhaji, ai sa'a ce. Gola ne bai tsaya daidai ba."

Na ce sa'a? Yaro ya dawo! Ya ce ai da ya dawo da gaske, da ba za a ji tsoron sabunta alkawari ba.

Ban san lokacin da hannuna ya sake bugun teburin nan ba.

Wasa na gaba ya faɗo bayan Sallah, 1 ga Afrilu, a gidan Forest. Minti biyar da farawa Elanga, yaron da mu muka sayar musu, ya ɗauko ƙwallo tun daga ɓangarensu ya sheƙa da ita har ragarmu, haka kuma aka tashi. Ina fitowa na tarar Baba ya zo da ƙaninsa da ya zo yawon Sallah daga ƙauye, kowa da kofinsa.