Jinyar jeka-ka-dawo, da wata tambaya da ta tsaya mini a rai

Wata abokiyar aikina Baturiya, da ta ba hamsin baya, motarta ta ƙi tashi wata Laraba da yamma, ga ƙanƙara ta rufe gari, sanyin jihar Minesota ta Amurka kuwa sai wanda ya ɗanɗana. Ta roƙe ni in sauke ta inda take zuwa jinya. Na zaci asibiti muka nufa, sai ga mu a gaban wani bene: a ƙasa likitan haƙori, a gefe ofishin masu cike takardun haraji. Ba katanga, ba maigadi. Da yake ƙasa na da santsi, gwiwarta kuma na ciwo, na raka ta har sama. Falo ne mai kafet, da injin kofi a kusurwa. Ta ƙofar da aka bari a buɗe na hango kujeru kamar goma an jera su zagaye, da kwalin tishu a tsakiya, da farin allo a bango. Masu jira akwai mai kayan aikin gini, akwai yarinya da jakar makaranta, akwai dattijo da kwat. Wallahi da a hanya na haɗu da su ba zan ce wani abu na damun ko ɗayansu ba.

Ita ciwon damuwa ne ya kama ta bayan rasuwar mijinta, har ta kai ba ta iya tashi daga gado. Tsarin da aka sa ta a ciki tsaka-tsaki ne: ya fi ganin likita sau ɗaya a mako, bai kai kwanciya a asibiti ba. Kamar makarantar jeka-ka-dawo ce a gefen ta kwana. Ƙa'idarsa ga manya aƙalla awa 9 a mako, galibi awa 3 a rana, kwana uku, na tsawon wasu makonni. Mafi yawan lokacin zaman rukuni ne da ƙwararre: a koya wa mutum gane tunanin da ke jefa shi rami tun kafin ya yi nisa, da abin da zai yi idan fargaba ta taso masa cikin dare. Akwai ganawa ta mutum ɗaya, akwai likitan da ke duba magani. Lokaci-lokaci a miƙo takarda mai tambayoyi 9 kan barci da cin abinci da tunanin kashe kai, a ga ko ana samun sauƙi. Wanda abinsa ya fi nauyi akwai mataki na sama, awa 20 a mako. Wanda ke neman cutar da kansa ko wani kuwa, gado za a ba shi. Daga Janairun 2024 ma inshorar gwamnati ta tsofaffi, Medicare, ta fara biyan kuɗin wannan jinya.

Abin ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Matar nan ba ta rasa aikinta ba, a gadonta take kwana, abin da aka koya mata da yamma washegari take gwada shi a wurin aiki.

Sai dai a mota ta yi mini wata tambaya, cikin tausayi ma ta yi ta: wai da gaske ne a ƙasarmu sarƙa ake sa wa irin su? Na yi murmushin yaƙe na kawar da zancen, amma da ita na kwana.

Ga amsar da ta dace da ita. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta. Maras lafiya ba a kulle shi. Ana sama masa masauki a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, tare da ɗan'uwansa da ya rako shi, ya je a duba shi da rana, ya koma cikin mutane ya kwana. Har da masu maganin gargajiya Lambo ya jawo cikin aikin. Duniya ta zo kallo, shi kuma ya kai har mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. A waɗancan shekarun fa Amurka tana tsare da mutane fiye da rabin miliyan a manyan asibitocin mahaukata na jihohi. To wa ya riga wa?

Na san abin da za ku ce. Maganar matar ba ƙarya ba ce, gidan mari ba tatsuniya ba ne, kuma duk mun ga hotunan Rigasa ta Kaduna a 2019 da 'yan sanda suka fito da mutane sama da 300, wasu da mari a ƙafa. Likitocin ƙwaƙwalwar ƙasar baki ɗaya 'yan ɗaruruwa ne, ga shi kullum wasu na tattara kaya suna biyo mu nan. Sai a Janairun 2023 Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, bayan an daɗe ana aiki da ta 1958 da Turawan mulki suka bari. Na yarda da duk wannan. Amma uwar da ta kai ɗanta gidan mari ba mugunta ta kai ta ba. Zaɓi biyu aka ajiye mata, ko a kwantar da shi a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ko Dawanau ko Kware idan an sami gado, ko ta riƙe shi a gida yana ƙona ta. Na tsakiyar ne babu, shi kuwa ɗaki yake so da kujeru da ma'aikatan da aka horar.

Kuma abin da ya fi tsada mu ke da shi. Nan idan aka tashi ƙarfe takwas na dare, kowa ya ja motarsa ya koma ɗakin da ba mai ce masa sannu. Sai an ware wani zama an aika wa iyali gayyata kafin su leƙo, wasu ma ba sa zuwa. Kamfanin inshora kuma yana iya cewa makonnin sun isa alhali likita bai ce ba. Mu kuwa ina aka taɓa barin maras lafiya ya tafi asibiti shi kaɗai?

Wanda ya fi ba ni haushi dai mu ne, mu da ke zaune nan. Irin benen nan ba ya wuce tafiyar minti goma daga unguwannin da 'yan'uwanmu suka fi yawa, akwai tafinta, doka kuma ta hana ma'aikata fitar da sirrin maras lafiya. Amma yaro ya fara kulle kansa a ɗaki, ya bar makaranta, sai ka ji an yi shiru, bayan wata biyu a ce ai ya tafi gida hutu. An yanka masa tikiti an tura wa kawunsa, don kada a ga motar gidan a ƙofar wurin, labari ya isa masallaci ranar Juma'a. Addu'a ba wanda ya hana, a yi ta safe da yamma, ba ta hana zaman awa uku. Kawun da aka tura wa yaron kuma, zaɓi biyun nan ne dai a gabansa.