Komai sai dai a hana, to ina talakan Kano zai kai iyalinsa shan iska?

Duk wanda ya san Kano ya san gari ne na nema, mutum zai fita kasuwar Kwari ko Singa ko Dawanau tun da sassafe ba zai shigo gida ba sai bayan magariba, kuma a wannan fannin babu mai yi mana gori. Amma akwai tambayar da nake yawan yi wa 'yan'uwana magidanta: ranar Asabar ko Lahadi da la'asar, kana da uwargida da yara huɗu ko biyar da 'yan kuɗin da ba su taka kara sun karya ba a aljihu, ina za ka kai su su sha iska? Yawanci amsa biyu ce, gidan zoo ko Ado Bayero Mall, in mutum ya ƙara ta uku sai ya ce gidan kaka. Shikenan fa. Jihar da ƙidayar 2006 ta ce tana da mutum sama da miliyan 9, yau kuwa Allah kaɗai ya san adadinmu, amma wajen fitar iyali na mai ƙaramin ƙarfi bai cika yatsun hannu ɗaya ba. Gidan zoo ɗin nan ma tun zamanin Audu Bako aka yi shi, a farkon shekarun 1970, lokacin da unguwanni irin su Sheka da Ɗorayi da Rijiyar Zaki ba su zama yadda suke yau ba.

Eh na sani akwai wuraren cin abinci da shan askirim a Nassarawa da kan titin Zoo Road, masu fitilu da kujeru masu laushi, kuma ina musu fatan alheri don sana'a suke yi suna ɗaukar matasa aiki. Sai dai mai tura kura da malamin firamare da ɗan adaidaita ba za su iya kai iyali can ba ko da sau ɗaya a wata, kuma su ne mafi yawan mutanen garin nan, su ne ke kwana bakwai ko takwas a ɗaki biyu cikin zafin watan Afrilu babu wuta babu iska.

Abin da ya fi ci min rai shi ne ba rashin wuraren muke yi ba. Ɗauki Dala. Dutsen nan shi ne mafarin garin gaba ɗaya, tarihin Kano daga gindinsa ya fara tun zamanin Barbushe, duk ɗan firamare ya ji wannan a aji, amma tambayi yaran Hotoro ko Na'ibawa nawa ne a cikinsu suka taɓa taka matakalarsa. Wanda ya hau kuwa ya san abin da nake faɗa, kana isa sama kana haki sai iska ta buge ka, ga birni nan shimfiɗe ta ko'ina, ga Goron Dutse can yana kallonka, ga hasumiyoyin babban masallaci kusa da gidan sarki, ga lungunan cikin gari sun cukuikuye da juna har ka rasa ta inda mutane ke bi, shirwa na shawagi daidai da kanka. Yaro ɗaya da ya ga wannan da idonsa ya fi yaro goma da suka haddace sunayen sarakuna don jarrabawa sanin garinsu. Amma yau uba mai hankali sai ya yi tunani sau biyu kafin ya hau da 'ya'yansa mata, saboda shara da bahaya a gefe, gine-gine sun matse gindin dutsen, ga kuma tsoron waɗanda za ka iya tararwa a sama suna busa hayaƙi. Tun 2007 aka saka ganuwar Kano tare da Dala da Kasuwar Kurmi da gidan sarki a jerin jira na wuraren tarihin duniya na hukumar UNESCO, har yau muna nan a jerin jiran, alhali tsohon birnin Agadas na maƙwabtanmu Nijar ya shiga cikakken jerin tun 2013. Ita ganuwar da aka fara ginawa zamanin Sarki Gijimasu, kusan shekara 900 ke nan, kowa na gani da idonsa yadda ake ta yankarta ana ɗibar ƙasarta ana dasa shaguna.

To amma ba Dala kaɗai ba ce damuwata, akwai wata ɗabi'a da ta zauna mana wadda nake ganin ita ce tushen abin, wato duk abin da ya tara jama'a in ya samu matsala, maganin farko da na ƙarshe shi ne a hana shi. Tashe da muka taso muna yi daga goma ga watan azumi, yara su shafa bula su ɗaura tsumma su bi gida-gida ana ba su hatsi da 'yan kuɗi, an sha dakatar da shi a 'yan shekarun nan saboda 'yan daba na fakewa da shi. Hawan sallah, wanda UNESCO ta saka a jerin al'adun duniya a watan Disamban 2024, a daidai wannan tsakanin ne aka yi ta soke shi saboda rikicin masarauta, sallah ta zo ta wuce babu Hawan Daushe babu Hawan Nassarawa, masu ɗinkin kayan doki da masu haya da 'yan zoɓo da masu hoto duk suka tashi a tutar babu. Gidajen sinima na da irin su Plaza da Orion da Eldorado sun zama tarihi. Ko ƙauyen fim da gwamnatin tarayya ta so ginawa a Ƙofa a 2016 surutu ne ya kashe shi kafin a kafa tubali.

Kar wani ya ce ban san dalilan ba, na san su sarai. Faɗan daba gaskiya ne, ƙwacen waya gaskiya ne, akwai iyayen da suka binne 'ya'yansu saboda wayar da ba ta kai dubu hamsin ba, kuma duk jami'in tsaron da ya ce gara a fasa taro da a zubar da jini ba zan ce masa mugu ba. Wake ɗaya ke ɓata gari, haka ne. Amma dan Allah a duba, bayan an hana tashen dabar ta ƙare? Ɗan daban da aka hana fakewa da tashe ai bai tuba ba, ya koma lungu ne kawai, wanda aka hukunta a zahiri shi ne yaro ɗan shekara tara da ya kwana yana haɗa gemun auduga. Hani ba ya cin kuɗi ko wahala, takarda ɗaya ce da sanarwa a rediyo, shi ya sa yake da daɗin yi. Tsarawa kuwa sai an zauna da masu unguwanni da 'yan sintiri da iyaye, a ce tashe daga bayan la'asar zuwa kaza, a fili kaza, ga manya masu sa ido, duk wanda aka gani da makami a damƙe shi. Wannan aiki ne, kuma shi ne aikin da muke gudu.

Su kuma makaɗanmu na gargajiya wannan yanayin ya fi kowa taɓa su. Da can mai kalangu yana da mahauta, mai kukuma da mai gurmi suna da dandali, matan amada da masu kiɗan ƙwarya suna da gidan biki da suna, kowa da inda abincinsa yake. Yanzu biki ya koma hol da DJ da sifika, dandali ya mutu, in ka cire masu kakaki da algaita da tambari da fada ke riƙe da su, sauran sai dai a tuna da su in baƙo ya zo daga Abuja a kira su su yi minti goma a sallame su. Wane yaro ne zai zauna ya koyi ɗaure kalangu da matsa tsarkiyarsa a hammata har ganga ta yi magana, alhali yana ganin babansa da ya ƙware a kai ba ya iya biyan kuɗin makaranta? Kuma kar a ce wai mutane ne ba sa so. A je gidan dambe na Ado Bayero Square a Sabon Gari da yamma a gani, mutane ke biyan kuɗin ƙofa da aljihunsu su cika wuri, ɓangarorin 'yan damben Kudu da Arewa da Guramaɗa, makaɗi na zuga ɗan dambe yana kirari jikinsa na tsuma. Jama'a na son abinsu, wurin zuwa ne babu.

Abinci ne kaɗai ya tsira, don shi bai jira kowa ba. Wanda bai taɓa tsayawa a bakin tanderu a cikin gari wajen Jakara ba ya yi asarar kallo, mata ne ke aikin tun duhun asuba, an zuba kara a cikin tanderun ya ci ya zama garwashi, sai ta ɗebo ƙullin ta faɗaɗa shi a tafin hannu ta zura hannun cikin wannan zafin ta manna a jikin tanderu, ta rufe, an jima kaɗan ta ɓamɓaro gurasa tana tururi gefenta ya ɗan ƙone. Daga nan mai bandashe ya karɓa, ya tsoma ta a ruwa ta yi laushi, ya barbaɗe ta da garin ƙuli-ƙuli da yaji, ya kwarara man gyaɗa, ya yanka albasa da tumatir da kabeji a kai, in da hali a haɗa da tsire mai zafi. Ga kilishin Agadasawa da ake ɗauka tsaraba har ƙasashen waje, ga ɗanwake da alkubus da waina da miyar taushe, ga fura da nono mai sanyi. Baƙo daga Legas ko Yamai in ya zo waɗannan yake tambaya, ba shawarma ba, amma sai ya samu ɗan gari ya riƙe masa hannu ya ratsa da shi lunguna kafin ya same su, kuma a tsaye zai ci a bakin kwata don babu wajen zama.

Haka marina a Ƙofar Mata, karofin da ake cewa tun 1498 yake, dattawa na zaune a bakin rami hannuwansu sun rine da baba suna tsoma zane suna ɗagawa iska ta buge shi ya koma shuɗi, can gefe mabuga na ta dukan shadda da gungumen itace har ta yi ƙyalli. Ramuka da yawa sun bushe an bar su. Gidan Makama na nan da kayan tarihi tun zamanin Sarki Rumfa, Gidan Ɗan Hausa na nan da filinsa da ginin ƙasarsa mai kyau, amma in ba 'yan makaranta aka kawo a bas ba ko Turawa, da wuya ka ga ɗan Kano ya je don kansa.

Na san akwai masu cewa duk wannan maganar buɗe ƙofar lalacewa ce, cakuɗuwar maza da mata da kiɗa da shagala. Ina girmama malamanmu kuma ban raina wannan tsoron ba, ni ma ina da 'ya'ya mata. Amma ina roƙon a kalli inda yaran suke yanzu da muka rufe ko'ina. Suna cikin ɗaki da waya a hannu suna kallon TikTok, inda babu mai unguwa babu Hisbah babu uba, ko kuma suna bakin titi a majalisar da ba ka san wa ke cikinta ba. Fili mai fitila da masu gadi, wanda uba da uwa ke zaune a kan tabarma suna kallon yaransu na guje-guje, a tsaya a yi magariba a jam'i a watse kafin tara, wallahi ya fi wancan aminci nesa ba kusa ba. Iyayenmu sun yi dandali da wasan gaɗa da langa a hasken farin wata kuma ba su tashi marasa tarbiyya ba, saboda idon manya na kansu.

Da can mai ɗan hali kan ɗebi iyali ya tafi Tiga ko Bagauda ko Minjibir a yini a dawo, amma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin motar kaɗai ya isa ya hana, Falgore kuwa mutane na ɗar-ɗar da dajin. Don haka dole abin ya kasance a cikin gari, inda adaidaita ɗaya za ta kai ka.

Kuma ni ba wani katafaren aiki na biliyoyi nake nema ba, mun gaji da waɗannan. A share Dala a gyara matakala a sa ƙarfen riƙewa da fitilu masu sola da banɗaki, a ɗauki matasan unguwar su zama masu gadi da masu yi wa baƙi bayani a riƙa biyansu daga kuɗin ƙofa kaɗan da kowa zai iya, don wanda ke cin abinci da wuri shi ke kare shi. A ware wa masu gurasa da tsire da fura rumfuna masu tsafta da benci a kusa. Hukumar tarihi da al'adu ta sa rana ɗaya tabbatacciya a kowane wata a Gidan Ɗan Hausa, kowa ya san ranar Asabar ta farkon wata akwai kalangu da kukuma da wasan kwaikwayo na yara daga la'asar zuwa magariba, a biya makaɗan kuɗi na mutunci. Ƙananan hukumomi takwas na cikin birni kowace ta nemo fili ɗaya ta katange ta dasa darbejiya ta rubuta a takarda cewa ba za a taɓa yanka shi a yi shaguna ba. Attajiranmu da ke gina masallatai da rabon abinci da azumi, Allah ya saka musu, wani a cikinsu ya ɗauki nauyin fili ɗaya na shekara biyar. Tashe mai zuwa kuma tun watan Sha'aban ya kamata masu unguwanni da 'yan sanda su zauna su fitar da filaye da lokuta, kar a bari sai goma ga wata ta ƙarato a fito rediyo da sanarwa.