Gidan De la Pole da tatsuniyar zamanin da ulu ya wadata kowa a Ingila

Tun daga shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta durƙusar da kasuwar ulu har kuɗin da makiyayi a Birtaniya yake samu daga gashin tunkiya ya kasa biyan ladan wanda ya aske ta, wasu ma suka gwammace su mayar da gashin taki, babu lokacin askin tumaki da zai wuce ba tare da masu sharhi sun sake kawo mana zance ɗaya ba. Za su ce ai da can ulu ne ya gina Ingila, su nuna manyan majami'un yankin Cotswolds da attajiran ulu suka gina, su tuna mana cewa har gobe shugaban majalisar dattawan ƙasar a kan wata katifa da aka cusa wa ulu yake zama, sannan su rufe da fatan a sake samun irin waɗancan 'yan kasuwa masu kishin ƙasa. Kukan makiyayan gaskiya ne, ba ni da ja a kansa. Abin da ke ba ni haushi shi ne tarihin da ake jingina kukan da shi, domin an yi masa kwaskwarima har ya koma tatsuniya, kuma labarin attajirin da ya fi kowa shahara a wannan fatauci ya isa ya rushe ta.

William de la Pole ɗan kasuwa ne na garin Hull, a bakin kogin Humber, kuma shi ne magajin garin na farko a farkon shekarun 1330. Shi da ɗan'uwansa Richard sun fara ne da cinikin giya da ulu. Suna sayen gashin tumaki daga ƙauyuka da gidajen 'yan zuhudu na Yorkshire da Lincolnshire, a ɗura shi a manyan buhuna masu nauyin kilo 165 kowanne, a loda a jirgin ruwa zuwa Flanders, yankin da yawancinsa ke cikin ƙasar Beljiyam ta yau, inda masaƙan Ghent da Bruges da Ypres ke jira. Fatake da yawa sun yi irin wannan sana'a, suka rayu suka mutu tarihi bai san da su ba. Abin da ya fitar da William daga cikinsu shi ne ya gane da wuri cewa ribar da ke cikin ba sarki bashi ta fi wadda ke cikin buhu, domin sarki ba ya biya da tsabar kuɗi, sai dai ya ba ka izinin karɓar kuɗin fito a tashoshin jiragen ruwa, ko ya yarje maka ka fitar da kayanka ba tare da biyan abin da abokan gasarka ke biya ba.

A duba abin da ya faru a 1337, shekarar da Sarki Edward na Uku ya tsunduma yaƙi da Faransa. William da wani attajirin Landan mai suna Reginald Conduit suka jagoranci wani gungun fatake da suka yi alkawarin tara buhu 30,000 na ulu su kuma ranta wa sarki fam 200,000, shi kuwa sarki ya hana kowa fitar da ulu daga ƙasar in ba su ba. Aka bi masu tumaki ana karɓar gashin bashi, a kan sai an sayar za a biya. Da kashin farko, wajen buhu 10,000, ya isa garin Dordrecht na ƙasar Holan, sai wakilan sarki, waɗanda buƙatar kuɗi ta sha musu kai, suka ƙwace kayan gaba ɗaya, suka miƙa wa fataken takardun shaidar bashi. Ƙaramin falke da ya zuba duk jarinsa ba shi da halin jiran shekaru, don haka ya sayar da takardarsa a wulaƙance ga manyan da ke da ƙafa a fada, su kuma suka je suka ci moriyarta. Mutumin ƙauye da aka karɓi gashin tumakinsa shi ne na ƙarshe a layin biya, idan ma layin ya kai kansa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Haka batun haraji yake. A 1275 kuɗin fiton buhu ɗaya sule 6 ne da kwabo 8, amma da yaƙi ya zo sai aka ɗora ƙarin sule 40. Manyan fatake ne suka riƙa amince wa sarki da wannan ƙari a tarurrukansu, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda sun san ba daga aljihunsu zai fita ba: sai su rage farashin da suke ba mai tumaki. Wakilan talakawa a majalisa sun sha kokawa a kan wannan a lokacin, ke nan ba wani sabon fashin baƙi ba ne da masana na yau suka ƙirƙiro. Tsakanin 1338 da 1339 kaɗai William ya samar wa sarki rancen da ya haura fam 100,000, a zamanin da kuɗin shigar da gidan sarauta ke samu a shekarar da ba a yaƙi bai wuce wajen fam 30,000 ba. Sakayyarsa ita ce filaye da muƙami a baitulmali da darajar barde. Wanda ya kira wannan kishin ƙasa, to ya faɗa mana abin da zai kira cin moriyar yaƙi.

Sarkin da ya ɗaga shi kuwa shi ne ya kayar da shi. A daren ƙarshen watan Nuwamba na 1340 Edward ya dawo Landan ba zato, bashi ya yi masa katutu, yana neman wanda zai ɗora wa laifi. Aka kama William, aka tuhume shi da fasa-ƙwaurin ulu, aka ƙwace kadarorinsa, aka tsare shi a kurkukun garin Devizes har zuwa 1342. Daga baya aka soke hukuncin saboda an sake buƙatar kuɗinsa, sannan a 1353 aka sake tono tsohuwar shari'ar, bai tsira ba sai da ya yafe basukan da yake bin sarki ya kuma mayar da babbar gonar Burstwick. Ya rasu a 1366, har lokacin yana da arziki mai yawa, amma ya riga ya juya shi zuwa filaye.

A nan ne nake ganin masu kewar wancan zamani suka fi yin ɓatan kai. Ɗan wannan attajirin ulu bai gaje shi a cinikin ulu ba. Michael, ɗan William da matarsa Katherine, soja ya zama, ya kai matsayin babban waziri mai riƙe da hatimin sarki a 1383, aka naɗa shi sarautar Suffolk a 1385. Tsofaffin gidajen sarauta ba su taɓa manta cewa ɗan falke ne ba, kuma a 1386 majalisa ta tsige shi, ya gudu, ya mutu a Paris a 1389. Ɗansa ya mutu da atuni a sansanin yaƙi na Harfleur da ke Faransa a 1415, jikansa kuma aka kashe shi a fagen Agincourt bayan 'yan makonni. Wani jikan, shi ma William, ya kai matsayin duke, ƙololuwar sarautar da ke ƙasa da ta sarki, a 1448, ya zama shi ke juya gwamnatin Henry na Shida, amma a 1450 aka tare jirginsa a teku yana hanyar gudun hijira, aka fille masa kai a cikin kwalekwale, aka yar da gawarsa a gaɓar Dover. Gidan ya auri ƙanwar Sarki Edward na Huɗu, wanda hakan ya sa jininsu ya kusanci karagar mulki fiye da yadda sarakunan Tudor, gidan da ya karɓe mulkin Ingila daga baya, za su lamunta. A cikin 'ya'yan da aka samu daga wannan aure, an kashe John a yaƙin Stoke a 1487, aka sare kan Edmund a 1513, Richard kuma ya faɗi a yaƙin Pavia na Italiya a 1525. Cikin duk wannan jerin babu ko mutum ɗaya da ya koma ya zuba dukiyar gidan a kiwon tumaki ko a saƙa domin ɗaga darajar sana'ar da ta haife su.

Za a ce mini ai gidan gajiyayyu da Michael ya kafa a Hull a 1384 har yau yana ɗaukar nauyin tsofaffi, haka ma wanda jikansa ya gina a Ewelme. Gaskiya ne, amma ciyar da mutum goma sha wani abu domin su yi wa ranka addu'a ba ya goge hanyar da aka bi aka tara dukiyar.

Abin da ya amfani talakan Ingila daga ulu ya zo ne ta wata hanyar da waɗannan attajirai ba su shirya ba. Da haraji ya yi wa ɗanyen ulu nauyi, alhali na saƙaƙƙen yadi kaɗan ne, sai masaƙin Flanders ya koma sayen kayan aiki da tsada, na gida kuma yana samu da rahusa. Buhunan da ake fitarwa, waɗanda suka haura 40,000 a wasu shekarun farkon ƙarni na 14, suka yi ta raguwa har suka koma ƙasa da 10,000 a ƙarshen ƙarni na 15, yayin da yadin Ingila ya mamaye kasuwannin Turai, mata masu kaɗi da masaƙa da marina suka sami abin yi a garuruwa irin su Lavenham da Coggeshall. Idan akwai abin da makiyayan yau za su nema a wannan tarihi, to a nan yake: su haɗa kai su mallaki wuraren wankewa da kaɗi da saƙa, gwamnati kuma ta sa ulun gida cikin kayan da take saye domin gine-ginenta. Hukumomin adana kayan tarihi su ma, da ke karɓar kuɗin shiga daga masu yawon buɗe ido domin nuna gidajen attajiran ulu, lokaci ya yi da za su ƙara allo ɗaya a bango da zai bayyana abin da ya faru a Dordrecht a 1338 da kuma waɗanda ba a biya ba.