Kun manta da katikis

Na gode da wannan labari da kuka kawo kan tsohon cocin ƙauye a ƙasar Shendam. Ina Jos yau shekara ashirin, amma a irin wannan cocin aka yi mini baftisma. Gaskiya ne limaman Katolika (Fada) na ƙungiyar mishan ta SMA sun iso Shendam a 1907, kuma sai 2007 ta zama dayosis mai cin gashin kanta, wato yanki mai bishop nasa. Abin da ya dame ni, kun cika labarin da sunayen Turawa, ba ku ce uffan kan katikis, malamin coci mai taimaka wa Fada, ba.

A ƙauyenmu Fada sau ɗaya yake zuwa a wata, kan babur, idan rafi bai cika ba. Sauran Lahadi katikis ne ke riƙe da jama'a. Shi ke buga tsohon ƙarfen tayar mota da ke rataye a bishiyar mangwaro, shi ke koya wa yara karatu, shi ke binne mamaci. Da Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda ya fito a 1932, kakana ya koyi haɗa baƙi.

Na je gida lokacin godiyar kaka. 'Yan Zumuntar Mata suna buga tulu suna waƙa, doya da dawa jibge gaban bagadi, har hawaye ya zubo mini. Amma kwanon rufi na yoyo, samari duk sun watse Jos da Abuja, gara kuma ta fara cin littafin baftisma. Don Allah ku koma ku ɗauki muryar tsofaffin nan tun suna da rai.