Kashi 70 na wane albashi?

Wani marubuci ya ce ɗan ritaya zai zauna lafiya in yana samun kashi 70 cikin ɗari na albashinsa na ƙarshe a shekara. To, wannan lissafin mutum ne da matarsa su biyu cikin gidan kansu, ba lissafin garin Tawa ba ne. Nan dattijo in ya aje aiki, bakunan da yake ciyarwa ba su raguwa, ƙaruwa ma suke: ga jikoki, ga 'yan'uwa daga ƙauye lokacin da hatsi ya ƙare a rumbu, ga ragon layya, ga maganin hawan jini da na suga duk wata. Mahaifina fansho yake karɓa, kuma na ga yadda ya kasa riƙe gida bayan an rufe iyakar Binin a 2023, shinkafa da mai suka yi tsada, fanshon kuwa yana nan inda yake. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata. Kashi 70 bai kai jika 30 ba. Wa wannan zai riƙe? Kai malam da ka ce asusun fanshon ma'aikata, CNSS ko CARENI, sun wadatar, ina ka bar manomi, da ɗan kasuwa, da ɗan ci-ranin da ya ƙare ƙarfinsa a Abijan ko Libiya? A ganina, kafin a ƙidaya kuɗin shekara a fara tambaya: ɗan ritayan yana da gidan kansa, da gona ko 'yan dabbobi, ko har yanzu haya yake biya?